Ƙasa a Ƙafar Kunkuru

Kwana tara da shigowar ɗan kunkurun gidan, Mai Awo ta ga ƙasa a ƙafarsa.

Ba wata ƙasa ba ce mai yawa. Ɗan ɓurɓushi ne ja-ja a tsakanin faratan ƙafar baya, irin wanda ni da kai za mu gani mu wuce. To amma ita ba ta wuce abu. Shekara goma sha huɗu tana aikin gwajin jini da fitsari a asibiti, kuma aikin ya biyo ta har gida: shinkafa sai ta auna, zafin jikin 'yarta sai ta auna, har mijinta ya laƙaba mata Mai Awo, sunan kuma ya zauna daram. Ta sa safar hannu, ta ɗaga kunkurun gaban taga, ta ƙura wa ƙafar ido. Gidansu a hawa na biyu yake, ƙasan ɗakunan duk tayil ne, cikin akwatin gilashin kuwa farin tawul ta shimfiɗa, wanda take canzawa kullum. To daga ina ƙasa?

Kunkurun na Auta ne, 'yarta mai shekara bakwai. Yarinyar ta yi shekara guda tana kukan a sayo mata kyanwa, likita ya ce da asmar nan tata ba kyanwa, ba tsuntsu, ba duk wani mai gashi. Sai ranar nan Baban Auta ya dawo daga shagonsa na takalma da kwali a hammata, ya buɗe a tsakiyar falo yana washe baki. Wani abokinsa mai kiwonsu ne ya ba shi. Abin bai cika tafin hannun Auta ba, kuma sai da ya kwashe rabin awa kafin ya yarda ya fito da kai, saboda haka ta sa masa suna Gaggawa.

Mai Awo ba ta so ba. Amma da ta ga fuskar 'yarta sai ta karɓi aikin, ita kuwa in ta karɓi aiki ba ta yi masa riƙon wasa. Ta sayo akwatin gilashi ta ajiye a jikin tagar falo, inda hasken safe ke shigowa, tagar a rufe ruf saboda ƙirjin Auta. Latas sai ta wanke shi sau uku. Kowace safiya ta ɗora Gaggawa a sikelin kicin, giram talatin da takwas. Ta kuma kafa doka: ba mai taɓa shi sai tana nan, kuma sai an wanke hannu kafin da bayan.

Da yamma ta fara da mai kunkurun.

"Auta, zo nan. Kin fita da Gaggawa waje?"

"A'a, Umma."

"Kalle ni ki faɗa."

Auta ta kalle ta ta sake faɗa. Mai Awo ta san idon 'yarta in tana ƙarya, ƙifta shi take yi da sauri, yau kuwa bai ƙifta ba. Sai dai yara suna girma, suna koyon dabara. Ta juya kan uban, wanda ke kishingiɗe yana danna waya.

"Baban Auta, kai fa?"

"Ni kuma? Wataƙila da kansa ya sauka ya sha iska ya dawo. Ba Gaggawa ba ne?"

"Ba na son wasa."

"To a kira 'yan sanda, a kafa shinge a ƙofar kicin."

Bai ɗago ya dube ta ba. Kullum haka yake in yana kan waya, amma ranar sai ta rubuta masa shi a ranta.

Akwai mutum na huɗu a gidan, kuma shi ne ta fi ƙin sakawa a cikin wannan tunanin: mahaifinta. Baba ya yi shekara talatin yana kiwon kajin ƙwai, mutum ne da a da in ya yi gyaran murya daga ƙofar gida yara ke shiga taitayinsu. Wata biyar da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu yana jan ƙafa da sanda, magana kuwa sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito, har mai sauraro ya ƙosa. Ranar da aka sallame shi daga asibiti likita ya gaya mata abu biyu. Ƙafar nan in ana taka ta za ta dawo, in aka zaunar da ita to ta tafi ke nan. Sannan a sa ido a kan hankalinsa, don wani lokaci ciwon yakan taɓa shi daga baya: in ya fara ɓoye tarkace ko fita ba dalili, a sanar. Yayanta ya so a kai tsohon gidansa, a ajiye shi a ɗakin baya da mai jinya. Ita ta tsaya kai da fata ta ce hankalin Baba ras yake, a wurinta zai zauna, kuma zai sake tafiya da ƙafarsa. Ta auna masa falo, taku goma sha biyu daga kujera zuwa ƙofar kicin, ta ce sau goma da safe, sau goma da yamma. Matakala kuwa ta ce ko da wasa.

Ta dube shi a kujerarsa, yana kallon labarai, hannun dama a kwance kan cinya. Ta kawar da kai. Mutumin da sai an ɓalle masa maɓallin riga, ina shi ina kunkuru.

Washegari ta wanke ƙafafun Gaggawa da auduga, ta ƙirga ganyen latas huɗu ta zuba. Da ta dawo daga aiki ganye huɗu na nan, sun yi yaushi, ba ko alamar baki. Ƙasa kuwa ta dawo, yau har da haɓa. Kwana uku a jere haka. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne sikeli: talatin da tara, arba'in. Dabbar da ba ta cin abinci tana ƙiba. Ranar Laraba ta ɗebi kashinsa a 'yar kwalbar gwaji ta tafi da shi wurin aiki, ta faki idon mutane ta sa a madubin da suke duba ƙwayoyin cuta. Abokiyar aikinta ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Wane mara lafiya ne kuma wannan mai cin ciyawa?" Mai Awo ba ta yi dariya ba. Zaruruwan ciyawa ne ƙarara, da 'yan ƙwayoyin yashi. Wani yana fita da kunkurun nan in ba ta nan, yana ciyar da shi abin da ba ta sani ba, ya kuma mayar da shi ya rufe murfi kamar ba a yi ba.

Saura mutum ɗaya mai makullin gidan: Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu ta ƙasa, wadda ke hawowa da tsakar rana ta ɗumama wa Baba abinci. Mace ce mai fara'a, kuma a makon nan Mai Awo ta fara ganin fara'ar ta yi yawa. Ba ita ce ranar farko ta yi ta tambaya ba, yana cizo, me yake ci, in ya girma ina za ku sa shi? Ga jikoki tana da su, masu ƙiriniyar da ko ƙadangare ba ya sha a hannunsu. Mai Awo ta ɗauki wani siket da ba abin da ya same shi ta sauka, wai a rage mata tsawo.

"Anti, kwanan nan ba ki ga wani abu a wurinmu ba in kin hau?"

"Kamar me fa?" in ji Mai Ɗinki, allura a bakinta.

"Kamar an taɓa akwatin kunkurun nan."

"Ni dai sha biyu nake hawa, in ɗumama wa Baba abinci in sauko. Ga ɗinki ya sha min kai."

Tana faɗa idonta ya zame ta taga zuwa tsakar gida, wajen tankin ruwa, ya dawo kan siket da sauri. Mai Awo ta gani. Ta yi godiya ta hau sama tana cewa a ranta, za ki yi bayani.

Da safe, bayan kowa ya fita gaba, ta koma da baya ta barbaɗa hodar Auta a kan tayil, siririn layi kewaye da teburin akwatin. Yini ta yi a wurin aiki tana shirya maganar da za ta gaya wa Mai Ɗinki, mai ladabi amma mai zafi. Ta riga kowa dawowa, ta durƙusa. Ba sawun mace ba ne, ba na yaro ba. Tafin silifa ɗaya ne babba, kusa da shi dogon jan ƙafa, sai ɗan zagayen robar gindin sanda, nan da can.

Sawun Baba ne. Sannan ta goge hodar tas, ta shiga ɗakin Baba yana banɗaki, ta sa hannu a aljihun rigar da ya rataye. Ta fito da hankici a ƙulle. A ciki ɓawon ƙwai ne, na karin kumallonsa, na jiya da na shekaranjiya. A ɗaya aljihun ta sami murfin kwalba da busassun ganyen ciyawa. Ɓoye tarkace, fita ba dalili, duka biyun da likita ya lissafa ga su a hannunta. Kunkurun ma ta manta da shi a lokacin. Abin da ya cika mata kai muryar Yaya ce, yana cewa ai na gaya miki. Tsoro ya kama ta sosai, ta mayar da kayan yadda ta same su ba ta ce wa kowa komai ba.

Kashegari ta nemi izinin awa biyu a wurin aiki. Ƙarfe tara ta dawo, ta shige lungun da ke ƙarƙashin matakala inda ake jingine kekuna, babbar mace da jakarta tana laɓe kamar ɓarauniya. Ba ta daɗe ba ta ji ƙarar ƙofarsu, sai ƙwas ɗin sanda, sai jan ƙafa. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafuna. Baba ne, hannun hagu a kan ƙarfen matakala, sanda a rataye a gwiwar hannu, yana sauke ƙafa mai lafiya sannan ya jawo ɗayar. Daga aljihun ƙirjinsa ɗan kan Gaggawa ya leƙo. Matakala ashirin da shida ne, tana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A kwanar bene ta ƙarshe ƙafar ta maƙale, ya yi tangal-tangal, sandar ta bugi bango. Ya damƙe ƙarfe ya tsaya yana haki, sannan ya ci gaba.

Ya ja jiki zuwa gindin tanki, inda ɗigar ruwa ta tsirar da ciyawa, ya zauna a kan bulo. Ya ajiye kunkurun a ƙasa, cikin rana. Ya tari ruwa a murfin kwalba ya zaunar da shi a ciki na ɗan lokaci. Ya tsinko ganye, ya kwance hankici, ya murƙushe ɓawon ƙwai da gindin sanda a kan bulo, ya barbaɗa. Gaggawa ya miƙa wuya ya kama ci kamar wanda aka biya.

Wani zai ga tsoho da ɗan kunkuru suna shan hantsi. Mai Awo abin da ta gani shi ne wurin da kyanwoyin unguwa ke kashi, da ruwan gindin tanki mai gansakuka, da sharar karin kumallo ana ɗura wa dabbar da 'yarta mai asma ke sumbata. Sama da duka kuma wancan tangal-tangal ɗin na kan matakala. Ta fito daga lungun ta nufe shi.

"Baba."

Ya firgita, ya kai hannu zai rufe hankicin, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wannan ma ya ƙara mata tabbaci.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiranta tun tana ƙarama. "Shi... yana... yana son..."

"Yana son me, Baba? Cuta? Ka san abin da ke cikin ƙasar nan? Ka san da ka faɗo ɗazu ba kowa a gidan?"

Bakinsa ya ci gaba da motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, kalmar tana hanya. Ba ta jira ta ba. Ta sunkuya ta ɗauke kunkurun da gefen mayafinta.

Mai Ɗinki ta leƙo ta taga. "Ki bar shi mana. Kullum yana yi, ina kallonsa daga nan, ba abin da ya taɓa samunsa. Jiya ma har bakin ƙofar waje ya taka."

"Ashe da ke aka haɗa baki," in ji Mai Awo. "Ba ni makullina, Anti. Na gode da ɗawainiya."

A ranar ta sayo kular abinci da ɗan ƙaramin kwaɗo. Kwaɗon ta sa wa murfin akwatin. Ƙofar gida kuwa in za su fita da safe ta murza makulli sau biyu daga waje ta jefa a jaka. Baban Auta ya ɗan yi magana.

"Haba, Mai Awo. A kulle dattijo kamar kayan shago?"

"In ya faɗo daga matakala kai za ka kira Yaya ka gaya masa?"

Ya bar zancen, don shi mutum ne da ba ya son doguwar magana in ba ta dariya ba ce. Mai Awo ba ta sanar da likita ba, ba ta kuma gaya wa Yaya ba. In Yaya ya kira ya tambaya sai ta ce jiki alhamdu lillahi, ana ta samun sauƙi.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma da wane baki? Ya dai daina kallonta in tana magana. In ta dawo ta ce, "Baba, ka yi takunka?" sai ya gyaɗa kai yana kallon talabijin. Ba ta yarda ba. Wata safiya ta ajiye silifansa a karkace da gangan, ta dawo ta same su a karkace. Ta yi masa faɗa a hankali, ta tuna masa maganar likita, ya gyaɗa kai, washegari ma silifa ba su motsa ba. Ta ce a ranta taurin kai ne, ko kuma ciwon ne ke ƙara cin hankalin, ba ta san wanda ta fi tsoro ba.

Ƙafar Gaggawa dai ta yi fes, ba ƙasa ba ƙura. Sati na farko har ya ɗan ci latas, ta ji daɗi ta nuna wa kowa. Sikeli ya ce arba'in da uku. Sati na biyu arba'in da uku. Daga nan ya fara gangarowa. Kunkurun ya koma kwana a kusurwa ɗaya, ido a rufe, in ya tashi tafiya yana jan ƙafafun baya a kan tawul. Mai Awo ta sake buɗe bincike. Ta duba kwaɗo ko an taɓa shi, ta shinshina ruwan, ta canza mai sayar mata da latas bayan ta yi masa tambayoyin da ya ce ko ita ma'aikaciyar gwamnati ce. Ta ce abokin Baban Auta da ma mara lafiya ya zaɓo ya ba su, shi ya sa ya bayar kyauta. In ta haɗu da Mai Ɗinki a ƙofa suka gaisa sama-sama, sai ta hau tana tunanin me matar ta taɓa ba shi a ɓoye da sai yanzu yake aiki. Har Baba ta kan saci kallonsa, ta ga idonsa a kan akwatin, ta ce ko akwai abin da yake turawa ta ramukan murfin. Kowa a gidan da maƙwabta sai da ya shiga jerin, ban da mutum ɗaya.

Sati shida cif, ranar Asabar da safe, Auta ta wanke hannu ta ɗauki Gaggawa, sai ta tsaya cak.

"Umma, bayansa yana lotsawa."

Mai Awo ta karɓa ta danna da yatsa a hankali. Ƙoƙon bayan ya shiga ciki ya dawo, kamar murfin robar abinci. Auta ta fara kuka mara sauti, irin wanda ke jawo mata tari. Nan da nan uwar ta sa kunkurun a kwali, ta bar yarinyar wurin ubanta ta nufi asibitin dabbobi.

Likitan wani siririn dattijo ne mai tabarau a kan hanci, ba ya sauri da komai. Ya juya Gaggawa, ya danna ciki, ya ja ƙafa, ya buɗe ido da ɗan yatsa.

"Ina yake shan rana, Malama?"

"A jikin taga. Tun bakwai har sha ɗaya rana na kansa." Ta faɗa da ƙarfin gwiwa, har ta ciro takardar da take rubuta nauyinsa.

"Tagar a buɗe?"

"A rufe. 'Yata tana da asma."

"Kuma a cikin akwatin gilashi." Ya cire tabarau ya goge. "Gilashi biyu ke nan. Haske yana wucewa, zafi yana wucewa, amma abin da ke gina ƙashi a cikin rana ba ya wuce gilashi. Shi kuwa wannan duk bayansa ƙashi ne. Me yake ci?"

"Latas. Ina wanke shi sau uku."

"Latas ruwa ne kawai, ko sau goma kika wanke."

Ya matso da fitila ya nuna mata wani siririn zobe a gefen kowane gida na ƙoƙon. "Kin ga nan? Wannan girman da ya fara yi ne a hannunku, kuma mai ƙwari ne. Da farko kuna yin abin daidai. Me kuka canza?"

Maganar rana da ƙashi ta karanta ta a makaranta, ta ci jarrabawa a kanta, a wurin aiki ma sau nawa ta gwada jinin yara masu gwamen ƙafa.

Likitan bai matsa ba. Ya ce kowace safiya a fitar da shi awa guda, rana ta taɓa shi kai tsaye, a kan ƙasa, da inuwa kusa in ya gaji ya shiga. A zaunar da shi a ruwa mai ɗumi wanda bai kai masa hanci ba. A ba shi ciyawa da ganyen da ba a yi wa feshi ba. Ya miƙo mata ɗan garin magani a leda. "Ki barbaɗa a abincinsa. In ya ƙare ki daka ɓawon dafaffen ƙwai, duk ɗaya ne."

Sai ta ga kanta tana tsarar Auta, a bayan ɗakin kaji, da ɗan turmi a tsakanin ƙafafu tana daka ɓawo, saboda kaji sun fara yin ƙwai mai laushi. Ta ga Baba yana buɗe ƙofar ɗakin 'yan tsaki da hantsi yana kora masu raunin ƙafa waje. Da hannunta ta yi aikin nan shekara da shekaru. Kunya ta rufe ta har ta ji zafinta a kunnuwa.

"Zai tashi, Likita?"

"Zai iya tashi, zai iya ƙi. Ku dai fara yau."

Ƙarfe goma da rabi ta isa gida, rana na nan a gindin tanki. Ta hau da gudu-gudu. Auta da ubanta suna falo, Baba yana kujerarsa. Ta wuce su ta durƙusa a gabansa, ta ajiye kwalin a cinyarsa.

"Baba, likita ya ce rana yake so. Da ƙasa, da ciyawa, da ɓawon ƙwai. Duk abin da kake yi masa shi ne daidai. Ni ce na yi kuskure, ka yafe min." Ta matso da kwalin kusa da hannunsa. "Ka kai shi, don Allah. Ni ban san wace ciyawar yake ci ba."

Ya daɗe yana kallon cikin kwalin. Ya sa babban yatsa ya taɓa bayan, ya ji yadda ya lotsa, ya rufe ido. Sannan ya ɗauki kunkurun ya zura a aljihun ƙirji, ya laluɓi sanda.

Sau uku ya yunƙura kafin ya miƙe. A nan ta fara ganin abin da sati shida suka yi. Ƙafar da take ja a da yanzu ko jan ba ta yi, sai ya karkata jiki duka ya wurgo ta gaba. Daga kujera zuwa ƙofa ya jiƙe da gumi. Baban Auta ya taso zai riƙe shi, Baba ya girgiza kai. A bakin matakala ya kama ƙarfe, ya sauke ƙafa mai lafiya, ya jira ɗayar ta biyo. Ba ta biyo ba. Ya sake gwadawa, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube zaune a kan matakalar farko.

"Baba, bari mu ɗauke ka a kujera," ta ce. "Ni da Baban Auta. Ko ka ba ni shi in kai, gobe sai..."

Bai ko dube ta ba. Ya dafa hannun hagu a ƙasa, ya tura ƙafa mai lafiya gaba, ya jawo ɗayar da hannu, ya zame zuwa matakala ta biyu a zaune. Ya huta. Ya zame ta uku. Mutumin da ya saba shiga kasuwa da kiret goma na ƙwai a kafaɗa yana sauka da mazaunai kamar yaro mai koyon rarrafe, farar rigarsa tana share ƙurar bene. Wani maƙwabci da ke hawowa ya yi sallama, ya ga abin da ake ciki, ya manne da bango ya sunkuyar da kai. A can ƙasa ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

Mai Awo tana biye da shi taku ɗaya a baya, hawaye na zuba ba ta share ba. A kwana ta farko hannunsa ya zame, ta kai nata da sauri ta kama kafaɗarsa. Ya tsaya. Ya ɗago hannun da ke aiki ya cire nata daga jikinsa, a hankali, ba da faɗa ba, ya ajiye mata shi a gefe. Sannan ya miƙa mata sandar ta baya, don tana hana shi dafa ƙasa, ya gyara aljihun ƙirjinsa ya ci gaba da sauka. Saura matakala goma sha bakwai, ta bi shi da sandar a hannu.